Nasiha Ga Matasa Masu Ƙera Samfuri Da Takarda Da Kwali Game Da Zaɓen Gam

Ƙera samfuri da takarda da kwali, wato yin ƙaramin kwatankwacin gini ko mota ko jirgi bisa wani ma'auni sananne, yana daga cikin ayyukan hannu mafi sauƙin kuɗi da matashi zai iya shiga, domin kayan aikinsa ba su wuce almakashi da reza da rula da gam ba, kuma duk da haka yana koyar da lissafi da natsuwa da iya karanta zane. Aikin ya daɗe a Turai, inda tun a ƙarni na 19 maɗaba'ar Pellerin da ke garin Epinal a Faransa take buga takardu masu ɗauke da sassan gine-gine domin yara su yanka su haɗa, kamfanin Schreiber na garin Esslingen a Jamus ya shiga irin wannan bugu a 1878, sannan a ƙasar Poland mujallar Mały Modelarz ta fara fitowa a 1957 da samfuran jiragen sama da na ruwa da tankokin yaƙi. A yau ana samun irin waɗannan zane-zane birjik a intanet, mutum ya sauke ya buga a shagon kwamfuta, kuma ɗaliban fannin zanen gine-gine, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da sauran manyan makarantu, sukan gabatar da samfurin ginin da suka zana tare da zanen. Abin lura shi ne mai koyo kan daɗe yana zaɓen zane da neman kwali mai kyau, amma idan aka zo kan gam sai ya ɗauki duk wanda ya tarar a kanti mafi kusa, alhali da yawa daga cikin samfuran da suka karkace, ko suka yi tabo, ko suka wargaje bayan 'yan watanni, daga nan matsalarsu ta faro.

Tambayar da mai koyo kan yi wa mai kanti ita ce wane gam ne ya fi ƙarfi, kuma wannan tambaya, ko da yake ta dace da kafinta da mai gyaran takalmi, amfaninta kaɗan ne ga mai aikin takarda, saboda kusan kowane gam na kirki, idan ya bushe, ya fi takardar kanta ƙarfi. Ana iya tabbatar da haka ba tare da wahala ba, idan aka liƙa guntayen kwali biyu, aka bar su suka bushe sarai, sannan aka ɓamɓare su da hannu: in fuskar kwalin ce ta yage har aka ga farin cikinsa ya biyo ɗaya ɓangaren, to gam ya yi duk abin da ake nema daga gare shi, in kuwa suka rabu sumul babu yagewa, to bai kama ba ke nan. Da zarar gam ya ci wannan jarrabawa, maganar ƙarfi ta ƙare, abin da ya rage a bincika shi ne me yake ɗauke da shi zuwa cikin takarda, tsawon wane lokaci yake bai wa hannu kafin ya kama, kuma me zai zama bayan shekara biyu ko biyar.

Ba za a gane muhimmancin abin da gam ke ɗauke da shi zuwa cikin takarda ba sai an san halin takarda. Takarda tarin ƙananan zaruruwa ce da aka samo galibi daga itace, aka dama su da ruwa, aka shimfiɗa, aka matse, aka busar, kuma waɗannan zaruruwa ba sa daina shan ruwa har abada. Duk lokacin da suka samu laima sai su kumbura, idan ta tafi su tsuke, kamar yadda ƙofar katako kan kumbura da damina ta ƙi rufuwa, hunturu na shigowa ta koma daidai. Bugu da ƙari, a injin da ake yin takarda yawancin zaruruwan kan kwanta ne suna fuskantar gefe guda, don haka kumburin ya fi yawa ta faɗinsu a kan tsawonsu, wanda shi ya sa takardar da aka jiƙa ta fuska ɗaya take lanƙwashewa ta naɗe maimakon ta girma bai ɗaya. Ana gane kwancin zaruruwan idan aka lanƙwasa takardar a hankali ta tsaye sannan ta kwance, domin ta fi saurin bin hannu idan lanƙwasar ta bi kwancinsu, kuma mai hikima kan yanka duk sashen da za a naɗe, kamar bututu ko ginshiƙi, ta yadda zaruruwan za su bi tsawonsa. Kaurin takarda ma yana da ma'auni, wanda shi ne nauyin murabba'in mita ɗaya da giram: takardar ofis ta yau da kullum giram 80 ce, ta yadda falle ɗaya na A4 bai wuce giram 5 ba, kwalin da aka fi buga samfuri a kansa kuwa yana tsakanin giram 160 da 200. Ɗigon gam mai ruwa da kwali mai giram 200 zai shanye ba tare da ya motsa ba, shi ne zai yamutsa takarda mai giram 80 ta yi ƙuraje.

Farin gam, wanda masana ke kira PVA, shi ne ginshiƙin wannan aiki, kuma ya cancanci a tsaya a kansa fiye da sauran. Sinadarin da ke cikinsa wani Bajamushe mai suna Fritz Klatte ne ya gano shi a 1912, kuma abin da ake sayarwa a roba ƙananan ƙwayoyin wannan sinadari ne suna iyo a cikin ruwa, su ne suke ba shi launin madara; idan aka shafa shi, ruwan kan kasu biyu, wani ya shige cikin takarda wani ya bi iska, ƙwayoyin kuma su matso su haɗe su zama siririyar fata mai ɗan taushi wadda ake ganin abin da ke bayanta. Yana da arha, ba shi da wari mai cutarwa, ana wanke shi daga hannu da ruwa muddin bai bushe ba, kuma yana ba da 'yan daƙiƙoƙi da za a gyara zaman sashe kafin ya kama. Wanda kafintoci ke amfani da shi, irin su Top Bond a Nijeriya, yakan fi na 'yan makaranta kauri, wato ruwansa ya fi ƙaranci, kuma wannan alheri ne ga takarda. Aibinsa guda ɗaya ne, shi ne ruwan da ke cikinsa, kuma duk dabarar aiki da shi ta tattara ne a kan rage yawan ruwan da zai isa ga takarda.

Saboda haka ba a matsa farin gam kai tsaye daga bakin roba zuwa kan samfuri. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su ɗiga kaɗan a kan murfin kwalba ko guntun leda, su bar shi ya sha iska na ɗan lokaci har ya ƙara kauri, sannan su ɗebo da tsinken sakace su shafa a kan kunnen liƙi, wato ɗan ƙarin takardar da mai zane kan bari a gefen kowane sashe domin a shigar da shi ƙarƙashin maƙwabcinsa. Shafin ya zama siriri ƙwarai, har a riƙa hango takardar ta cikinsa, kuma a bar ɗan fili a bakin kunnen domin gam ya samu wurin bazuwa idan an matsa. In aka ga ya ɓullo ta gefe fari fat, to ya yi yawa, sai a kwashe da busasshen tsinke nan take, kada a goge da yatsa, domin yatsa zai shafe shi a kan fuskar samfurin ya bar tabo mai sheƙi wanda ƙura za ta manne a kai. Bayan an haɗa sai a danne da hantsaki ko gefen rula daga ciki na ɗan lokaci, a ajiye sashen a kama wani, kada a yi ta juya shi ana dubawa. Mai koyo yakan ɗauka cewa yawan gam shi ne ƙarfin haɗi, amma a aikin takarda akasin haka ne gaskiya, domin siririn shafi ya fi saurin kamawa, ya fi tsabta, kuma ba ya jiƙa kunnen har ya yi laushi ya kasa riƙe siffarsa. Ya kamata kuma a ajiye jiƙaƙƙen tsumma kusa da hannu domin goge yatsu bayan kowane haɗi, tunda yawancin dattin da ake gani a samfurin mai koyo daga yatsunsa ya fito.

Yanayin ƙasar Hausa yana da hannu a cikin wannan magana fiye da yadda littattafan ƙasashen sanyi za su nuna. Da hunturu, a wurare irin su Kano da Damagaram, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, don haka gam ɗin da aka ɗiga a murfi kan yi fata kafin a gama yanka sashe na gaba, kuma shafin da aka yi a dogon kunne kan bushe daga farkonsa kafin tsinke ya kai ƙarshensa. Maganin wannan shi ne a riƙa ɗebo kaɗan-kaɗan, a haɗa dogon gefe gaɓa-gaɓa, in ta kama a ɗiga ruwa kaɗan a sassauta shi. A tsakiyar damina kuwa lamarin kan juye, takarda ta riga ta sha laima tun kafin a taɓa ta, gam yana jinkirin kamawa, kuma samfurin da aka rufe a akwati kafin ya bushe sarai yana iya yin fumfuna. Kwalin da aka yanka a watan Agusta aka haɗa da wanda aka yanka a watan Janairu ma ba lalle ne bakinsu ya zo daidai ba idan sassan manya ne, shi ya sa ya fi kyau a buga takardun samfuri guda a lokaci guda, a adana su tare a cikin leda.

Inda farin gam ya fi ba da wahala shi ne wajen liƙa faffaɗan fili, misali idan za a manna bugaggen zane a kan kwali mai kaurin milimita 1 domin a yanka haƙarƙarin samfuri, wato ɓoyayyun sassan ciki da ke riƙe siffarsa. Idan aka shafa shi a fuska ɗaya kawai, takardar za ta kumbura, ta kama a kumbure, sannan ta tsuke yayin bushewa ta janyo kwalin ya gantsare. Masu haɗa littattafai sun daɗe da sanin maganin wannan, wato a manna wata takarda mai kauri iri ɗaya a bayan kwalin, zaruruwanta na fuskantar gefe ɗaya da na gaba, domin ja ya yi daidai ta fuska biyu, sannan a sa shi tsakanin ledoji a ɗora masa littattafai masu nauyi ya kwana. Wanda ba shi da wannan haƙuri sai ya nemi gam marar ruwa ko mai ƙarancinsa. Gam ɗin sanda, wanda kamfanin Henkel na Jamus ya fara fitarwa a 1969 da sunan Pritt bisa tsarin robar jan-baki, ba ya yamutsa takarda sosai kuma ya isa irin wannan aiki idan aka shafe ko'ina har gefuna, amma kamunsa ba shi da zurfi, kuma ba a dogara da shi a kunnen da aka lanƙwasa wanda kullum yake ƙoƙarin miƙewa. Akwai kuma gam na feshi a gwangwani, wanda ke ba da shafi bai ɗaya, sai dai yana da tsada, kuma ba a fesa shi sai a fili.

Na biyu a daraja bayan farin gam shi ne gam mai garai-garai na cikin tub, wanda UHU ya fi shahara a cikin irinsa. Wani mai haɗa magunguna, August Fischer, ne ya ƙirƙiro shi a garin Bühl na Jamus a 1932. Bambancinsa shi ne an narkar da sinadarin liƙin a cikin wani ruwa mai saurin tashi wanda zaruruwan takarda ba sa kumbura da shi, don haka takarda ba ta yamutsewa, kuma tawadar firinta mai ruwa, wadda farin gam kan sa ta zuba ta ɓata launi, ba ta cika damuwa da shi ba. Wannan ya sa ya dace da dogayen haɗe-haɗe, da fatar jirgi ko rufin gini da aka buga a siririyar takarda, da kuma manna abin da ba takarda ba a jikin kwali. Yana da nasa halin da sai an saba: yana jan zare tsakanin bakin tub da samfuri, zaren kuma idan ya faɗa a kan fuska mai launi ba ya fita ba tare da tabo ba, yana iya narkar da garin tawadar firinta mai zafi, wato irin wadda injin hoton takarda ke amfani da ita, kuma yana cinye farin kumfan nan da ake naɗe kayan lantarki da shi, wanda ɗalibai kan yanka su yi tudu ko gindin samfuri, har ya bar rami, sai dai in an samu nau'in da aka yi musamman domin kumfa, kamar UHU por. Ruwan da ke tashi daga cikinsa yana kama wuta, saboda haka wanda yake aiki da dare da fitilar kananzir ko kyandir, ko kusa da maganin sauro na kunnawa, ya bar wannan gam sai da safe, kuma ko da rana a buɗe taga.

Sufa gulu yana da farin jini a wurin matasa saboda saurinsa, kuma saurin nan shi ne babban dalilin da ya sa bai dace ya zama gam na yau da kullum a wannan aiki ba. Harry Coover da abokan aikinsa a Amurka sun ci karo da sinadarinsa a 1942 suna neman roba mai garai-garai domin saitin bindiga, suka ajiye shi saboda yana manne wa komai, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fitar da shi kasuwa. Shi ba bushewa yake yi ba, daskarewa yake yi idan ya haɗu da ɗan danshin da ke kan abu ko cikin iska, wanda ke nufin cewa da hunturu, lokacin da farin gam ke gaggawa, shi yana iya yin nawa. A kan takarda yakan tsotse cikin zaruruwa ya canza launin wurin ya yi duhu, ya mai da shi mai tauri da saurin karyewa, tururinsa kuma kan bar farin hazo a kewayen haɗin, musamman a kan tagogin da aka yi da roba mai garai-garai. In kuma sashe ya zauna a karkace, babu damar gyara. Amma wannan tsotsewa tana da amfani idan da gangan aka nema: siririn sashe kamar sandar tuta, ko ƙafar tayar jirgi, ko tsinin zankon soro, idan aka ɗiga masa kaɗan bayan an gama siffanta shi, sai ya ƙanƙare ya yi ƙwari har a iya goge shi da samfefa, haka kuma shi ne ya fi dacewa wajen kafa waya a jikin kwali. Dole a kiyaye cewa idan ya zuba da yawa a kan auduga ko tufar auduga yana yin zafi har ya ƙona fata, idan ya haɗa yatsu ba a fizge su, sai a jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu ko a shafa ruwan goge jan farce mai asiton a murza a hankali, idan kuwa ya shiga ido sai a wanke da ruwa mai yawa a nufi asibiti, kada a yi ƙoƙarin buɗe fatar idon da ƙarfi.

Bai kamata a raina gam na gargajiya ba. Sitaci, na rogo ko na alkama, idan aka dama kashi ɗaya da ruwa kashi huɗu ko biyar aka ɗora a wuta kaɗan ana juyawa har ya yi kauri ya washe, yana ba da liƙi mai kyau ƙwarai tsakanin takarda da takarda, kuma masu gyaran tsofaffin littattafai a manyan ɗakunan karatu na duniya har yau sitacin alkama suke zaɓa, domin ba ya ɓata takarda da daɗewa kuma ana iya kwance shi da danshi idan ana son gyara. Kwalin katan ma da sitaci ake haɗa fallayensa a masana'anta. Sai dai ruwansa ya fi na farin gam yawa, yana jinkirin kamawa, yana tsami cikin 'yan kwanaki, kuma abinci ne ga kyankyaso da gara da ɓera, don haka ya fi dacewa da lulluɓe babban tudu ko ƙubba da guntayen takarda a kan haɗa ƙananan kunnuwa. Ƙaro kuwa, wanda ake samu a jikin ɗakwara, kuma Sudan ke kan gaba wajen fitar da shi a duniya tare da Chadi da jihohin Borno da Yobe da Jigawa, sananne ne ga duk wanda ya taɓa haɗa tawadar allo, kuma an daɗe ana shafa shi a bayan kan sarki da bakin ambulan. Abin da ya sa ya dace da ambulan, wato narkewa da zarar ya ji danshi, shi ne rauninsa a samfuri, ga shi kuma yana bushewa da tauri ya tsattsage. Ya isa a koyi aiki da shi inda babu kuɗin sayen wani, amma samfurin da ake son ya ga damina biyu a nema masa farin gam.

Akwai waɗanda ya fi kyau a nisanta. Salatif kan yi ja da daɗewa, danƙonsa ya shige cikin takarda ya bar tabon mai, ledarsa kuma ta faɗi. Amfaninsa kawai riƙe sashe na ɗan lokaci ta ciki. Gam na bindiga, wanda ake narkar da sandarsa da lantarki a zafin da ke tsakanin digiri 120 da 190, yana da kyau wajen kafa babban gindi na katan, amma yana barin dunƙule, kuma a samfurin da aka yi bisa ma'aunin 1:100 dunƙule mai kaurin milimita 1 daidai yake da tsagar santimita 10 a bangon gaske, ban da cewa yana iya sakin jiki a cikin motar da aka rufe a rana ko ƙarƙashin kwano da bazara. Sholisho da danginsa na masu takalmi da faci, waɗanda ake shafawa a fuska biyu a jira su sha iska sannan a haɗa, suna kamawa nan take ba tare da damar gyara ba, suna rina takarda ruwan ƙasa, kuma sinadaran da ke tashi daga cikinsu suna illata ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, shaƙarsu da gangan kuma tana iya kisa farat ɗaya. Babu wani haɗi a samfurin takarda da yake buƙatar yaro ya zauna a ɗaki da buɗaɗɗen gwangwaninsu.

Wani lokacin laifin yana ga fuskar kwalin. Kwalayen shayi da biskit da sabulu, waɗanda mai koyo kan tara saboda kyauta ne kuma kaurinsu ya dace, an shafe fuskarsu ta waje da wani rufi mai sheƙi, wasu ma an lulluɓe su da siririyar leda, kuma farin gam ba ya samun zaruruwan da zai shiga a irin wannan fuska, sai ya bushe a sama ya ɓare. Sai a kankare wurin da reza ko samfefa har farin ciki ya bayyana, ko a tsara aikin ta yadda baya zai haɗu da baya. Haka ma kunnen da garin tawada ya rufe: gam zai kama tawadar, tawadar kuma ta saki takardar, shi ya sa masu zane nagari kan bar kunnuwa farare.

Ana iya ganin yadda duk wannan ke haɗuwa idan aka ɗauki hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda tsawonta ya kai mita 27, ginin ƙasa mai fuska huɗu da ke tsukewa yayin da yake hawa, itatuwa sun fito a jikinsa jeri-jeri, a birnin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A ma'aunin 1:100 samfurinta zai zama santimita 27. Haƙarƙarin ciki, wato murabba'ai masu raguwar girma daga ƙasa zuwa sama, sai a yanka su daga kwalin da aka ninka aka danne ya kwana, a kafa su da farin gam mai kauri a bakin kwalin, tunda nan ba a ganin tabo kuma ana son ƙarfi. Fuskoki huɗun dogaye ne, saboda haka ko dai a haɗa su gaɓa-gaɓa da siririn shafin farin gam daga ƙasa zuwa sama, ko a yi amfani da gam na tub. Wanda yake son kusurwa mai tsabta sai ya yanke kunnuwan baki ɗaya, ya manna siririn ƙyallen takarda ta ciki, bakin ya haɗu da baki babu tudu. Ramukan itatuwa da allura ake huda su tun fuskokin suna shimfiɗe a tebur, sannan a tsoma gindin kowane guntun tsinken tsintsiya a farin gam a cusa, domin itace ma yana shan sa yadda takarda ke sha. Sufa gulu a nan zai bar da'ira mai duhu a gindin kowane tsinke. Idan ana son jikin ya yi kama da yaɓe, wasu kan gauraya tankaɗaɗɗiyar jar ƙasa da tsarmin farin gam su shafa, kuma wannan shi ne mataki mafi haɗari, domin ruwan da ke ciki ya isa ya lotsa fuskokin tsakanin haƙarƙari. Sai an fara shafa siririn gam an bar shi ya bushe ya toshe kwalin, sannan a bi da yaɓen a shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe kafin na gaba. Samfuri guda ke nan yana iya cin gam iri biyu, kowanne a inda ya dace.

Game da saye da ajiya, ƙaramar roba ta fi babba ga wanda ba kullum yake aiki ba, domin farin gam da ya daɗe a zafi kan yi gudaji, ko ya rabu ruwa a sama, ko ya yi wari mai tsami, kuma wanda aka ɗura a kwalbar da ba tasa ba a kasuwa sau da yawa an tsarma shi da ruwa, araha kuwa ba ta ado. Sufa gulu da aka buɗe ba ya daɗewa, don haka ƙananan tub sun fi, a goge bakinsu a rufe sosai a ajiye a busasshen wuri nesa da ƙananan yara. Kafin a taɓa samfuri da kowane sabon gam, sai a gwada shi a kan ragowar takardar da aka buga samfurin a kanta, a wurin da yake da launi, a duba ko tawada ta zuba, ko takarda ta yamutse, ko ya ɓullo ta baya. Sannan a rubuta sunan gam ɗin da ranar a jikin guntun a ajiye shi a ambulan, a sake dubawa bayan damina ta wuce, domin a lokacin ne ake ganin wanda ya yi ja, da wanda ya saki, da wanda ƙwari suka lasa.